Dalilin da ya sa barewa take lasar kayan maharbi

Kai Ɗanliti, cire yatsa daga hanci ka matso! Dalilin da ya sa barewa, duk tsoronta, in maharbi ya hau bishiya sai ta zo gindin tana shinshinar kayansa, tana buga ƙafa tana kallon sama, shi zan gaya muku yau.

Da can ba haka take ba. Ko warin mutum ta jiyo, fit! Sai dai ka ga farin gindinta.

To akwai wani maharbi, Jatau, baki ya fi hannu. Matarsa Kyauta ta haihu, gobe za a yi ƙauri, naman da ake gasa wa maijego. Surukarsa ta ce, "Malam Jatau, a yanka ɗan bunsurun nan naka mana."

"Bunsuruna? Haba Inna! Gidan maharbi a ci bunsuru? Barewa zan kawo, mai ƙiba!"

"Allah ya sa," in ji tsohuwa. "Bara ma da bushiya ka dawo."

Jatau ya shiga daji da hantsi. Ya sami wata tsamiya kusa da mashaya, ya ɗaura rudu a kanta, wato ɗan gadon itace, don iska ta wuce da warinsa ta sama. Amma rudun ya yi masa kaɗan, shi da kwari da baka kawai ya ɗauka. Sai ya bar takalmansa da gorar ruwa da burgaminsa a ƙasa. Cikin burgamin nan kuwa akwai guzuri: ƙuli-ƙuli da ƙullin kanwa.

Can sai ga barewa, ƙatuwa, tana sheƙi! Jatau ya ɗana kibiya. Kafin ta kai ruwa sai hancinta ya kamo kanwa. Ta juyo, tiƙis, tiƙis, ta shige ƙarƙashin rudu. Jatau ya leƙa dama, itace ya tare. Ya leƙa hagu, saura kaɗan ya faɗo. Sai ji ya yi ƙurus, ƙurus, ƙurus!

Ku tsaya ku ji. A zamanin nan maharba suna da doka: duk dabbar da ta taɓa bakinta a guzurinka ta zama baƙuwarka. Ka harbe ta, Sarkin Baka ya karya bakanka a gaban jama'a. Sirri ne, ba dabbar da ta sani.

Jatau ya dafe kai ya kwarma ihu, "Wayyo ni! Ta ci guzurina! Ta haramta!"

Barewa ta daskare. Ta ɗaga kai sama, karon farko a tarihin barewa. "Af! Mutum a bishiya kamar biri? Bawan Allah, me ya haramta?"

Da mai hankali ne ai sai ya yi shiru. Amma Jatau ne! "Ke mana, ɓarauniya! Ba dama in harbe ki, kin zama baƙuwata!"

"Don na ci wannan?"

"Ko lasa kika yi!"

"Ko lasa?" Barewa ta yi tsalle ta dire. "Maigida, sannu da gida! Tsaya ina zuwa, kada ka sauko!"

Jatau ya ce a ransa, ba komai, wata za ta zo. Ai kuwa sun zo! Ta kwaso uwarta, da ƙannenta, da gwaggonta mai ɗingishi, da kishiyar maƙwabciyarta, garke guda, a guje! Kafin ya ja baka sun cika gindin tsamiya. Wannan ta lashi kanwa. Waccan ta ci ƙuli. Da guzuri ya ƙare suka koma kan gora. Wani tsohon namiji bai sami komai ba, ya kama takalmin Jatau yana tauna.

"Kai! Takalmi ba guzuri ba ne!"

"Akwai gishiri a jiki, maigida," in ji tsoho. "Ka dai gani da idonka ko?"

Kowace ta lasa sai ta buga ƙafa, dif dif, ta ɗago kai. "Maigida, ka shaida ni?" "Ni ma ka gan ni?" "Ga ni nan, mai tabo a kunne, kada ka manta!"

Jatau yana zaune a sama, nama ya kai arba'in a ƙarƙashinsa, ba ko ɗaya na harbi. Da la'asar ya sauko, baƙinsa suka raka shi har bakin gari, takalmi ƙafa ɗaya.

Surukarsa ta dube shi, ta dubi burgami. Wuƙa kawai ta miƙa masa. Bunsuru ya ce mee, sau ɗaya.

Da labari ya kai wa Sarkin Baka, ya tara maharba a ranar, aka soke dokar nan gaba ɗaya. To amma wa zai je ya gaya wa barewa?

Shi ya sa har yau, in ta ga kayan maharbi a gindin bishiya, sai ta lallaɓo ta lasa, ta buga ƙafa, ta kalli sama a shaide ta. Ita a wajenta doka tana nan. Kai kuma Ɗanliti, na san bakinka irin na Jatau ne. In ka gaya mata, ba ka ba romo!