Rantsuwar da Abbas Ya Sa Sammani

Abbas mutumin kirki ne, wannan babu mai musu a duk unguwar Ƙofar Guga ta Katsina. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. Ko shayi aka miƙa masa, sai ya ƙona harshe sannan ya tuna ana hurawa. Haka yake da mutane ma, so yake ya yi wa mutum nasiha da hantsi, kafin la'asar ya ga ya shiryu.

Yana aiki ne da wata ƙungiya mai taimakon marasa galihu, wadda ofishinta ke cikin harabar wani ƙaramin asibiti. Wata shekara aka shirya musu horo na kwana biyar kan yadda za su taimaki masu ƙaramin ƙarfi su bar shan taba. Mai koyarwar ita ce Madam Rahila, tsohuwar nas 'yar kudancin Kaduna, wadda ta shekara talatin a Katsina har harshenta ya koma na Katsinawa.

Kullum maganarta ɗaya take nanatawa. "Yawancin masu barin taba sai sun koma mata sau biyu, sau uku, kafin su rabu da ita. Saboda haka tun ranar farko ka ce mishi: in ka koma, ni za ka fara faɗa mawa, kuma ba faɗa. Sannan kada ka kuskura ka yi mishi maganar gaban mutane."

Abbas ya ɗaga hannu. "Madam, in tun farko na ce masa zai iya komawa, ai lasisi na ba shi ke nan."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Malam Abbas, ba lasisi ba ne. Hanyar dawowa wurinka ce ka bar mishi."

Ya rubuta a littafinsa da rubutu mai kyau, amma maganar ba ta wuce takardar ba.

Mutum na farko da aka haɗa Abbas da shi shi ne Sammani, ɗan dako a Babbar Kasuwa, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Tun yana saurayi yake shan taba, domin ita ce ke kashe masa yunwa tsakanin wannan buhu da wancan. Yanzu kuma gwaji ya nuna yana da tarin tibi. An ɗora shi kan maganin wata shida, wanda zai riƙa karɓa duk Litinin a asibitin nan, kuma likita ya ce lalle ya bar taba. Hanyar zuwa tagar magani kuwa ta gaban ƙofar ofishin Abbas ta bi.

Mako uku Abbas yana bin tsarin Madam Rahila. Sammani ya sauko daga kara goma sha biyar a rana zuwa shida. Ga kowa wannan abin murna ne, amma Abbas gani yake tafiyar ta yi nawa. Sai ya yanke shawarar yin ta tasa hanyar.

Ranar wata Laraba ya je kasuwa, ya bi sallar azahar a masallacin 'yan dako. Ana sallamewa ya miƙe, ya yabi Sammani a gaban abokan aikinsa, sannan ya ɗauko Alƙur'ani daga kan taga.

"Malam Sammani, ga alwala a jikinka, ga shaidu. Ka dafa ka rantse ba za ka ƙara sa taba a bakinka ba."

Sammani ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai. "Malam Abbas, wagga magana da nauyi take. A bar ni dai in ci gaba da ƙoƙari."

"Ƙoƙarin ke nan. Ko 'ya'yanka ba su kai ka rantse dominsu ba?"

Wa zai ji wannan a gaban mutane ya ƙi? Sammani ya dafa, ya rantse. Aka yi kabbara. Abbas ya koma ofis yana jin ya gama a rana ɗaya abin da Madam ke cewa sai an yi watanni.

Kwana tara Sammani ya yi bai sha ba, kuma Allah kaɗai ya san yadda ya yi su. A rana ta goma aka sauke tirelar masara, ya yi dako tun safe ba karin kumallo, wani ya kunna taba kusa da shi. Ya karɓa ya zuƙa sau biyu. Wani abokin aikinsa ya gani, ya ce, "Af! Ina rantsuwar?"

Litinin ta zo, Sammani ya taho karɓar magani. Daga bakin ƙofar asibiti ya hango Abbas zaune yana rubutu. Ya tsaya jim, ya juya. Litinin ta gaba ma haka. Daga baya ya daina zuwa ko bakin ƙofar. Abbas ya je kasuwa nemansa sau biyu, aka ce ya fita da kaya, alhali yana bayan buhuna a ɓoye. Da Abbas ya ji labarin ya koma wa taba, sai ya yi fushi, ya ce wanda ya karya rantsuwa da Alƙur'ani ba ya son taimako. Bai ƙara nemansa ba.

Bayan wata biyu, da hantsi, wata mata ta yi sallama a ofishinsa. Ta ce ita ce Furera, matar Sammani. Ta ajiye masa katin magani a kan tebur. Layuka takwas a jere, na Litinin takwas, babu sa hannun kowa.

"Yana babban asibiti kwance," ta ce. "Ni ban zo in ɗora ma laifi ba, Malam. Amma wallahi ba taba ta hana shi zuwa ba. Kunyarka yake ji."

Abbas ya je babban asibitin, ya tarar da Sammani ya rame har ba a gane shi, numfashi da ƙyar. Ya durƙusa a gefen gadon. Sammani ne ya yi ƙarfin halin magana.

"Malam Abbas, ka yafe mani, na ba ka kunya. Amma na yi kaffara. Ban da abin ciyar da mutum goma, sai na yi azumi uku."

Mutumin da ciwo ya cinye, ga shi ya bar magani, amma ya yi azumi uku don kawai ya iya haɗa ido da Abbas. Nan Abbas ya fashe da kuka kamar ba namiji ba. Kalmar da ya kamata ya faɗa tun ranar farko ita ce ta zo masa a lokacin. Ya ce, "In ka koma, ni za ka fara faɗa wa, ba faɗa." Sammani ya yi murmushi kaɗan. Bayan kwana huɗu Allah ya yi masa rasuwa.

Yau Abbas ne ke taimaka wa Madam Rahila horar da sababbin ma'aikata. Littafin nan nasa mai kyan rubutu ba ya ɗaukowa. Katin Sammani yake ɗagawa, ya bar su su ƙirga layukan da kansu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar taimakon mai rauni, to ya yi haƙuri da tafiyarsa, kada ya ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa don kawai a ga sakamako da wuri. Niyya mai kyau ba ta isa ba idan babu haƙuri da sirri. Mai ƙoƙarin barin mummunar ɗabi'a zai iya faɗuwa, kuma ranar da ya faɗi ita ce ranar da ya fi bukatarka. Ka tabbata ranar nan ba kunyarka yake ji ba.