Raka Ni Gari Ranar Alhamis

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu na gindin duwatsun Akita, sunansa Yasuji. Duk rayuwarsa saran itacen katako ya yi. Da ya ajiye gatari, abin alfahari ɗaya ya rage masa: haƙoransa. Shekara saba'in da ɗaya, ba a taɓa cire masa ko ɗaya ba.

Matarsa Kinue ita ce gwanar gakko a ƙauyen. Idan sanyi ya fara shigowa, sai ta rataye daikon, dogaye farare kamar rogo, a saman wuta ta kyafe su kwana huɗu, sannan ta binne su cikin dusar shinkafa da gishiri a gangar katako har su zama gakko. Nata yana da tauri. Idan Yasuji ya gatsa lokacin shayin yamma, har bayan shinge ana jin garas-garas.

A bayan shingen kuwa Rikizo ne, abokinsa tun firamare, wanda bai taɓa aure ba. Haƙora tara suka rage masa. Idan ya shigo shan shayi, Kinue takan yanka masa nasa sirara kamar takarda, ya tsoma a shayi ya yi ta mamula. Yasuji ba ya barin wannan ya wuce.

"Tuzuru, ci kake yi ko lallashinsa kake yi?" in ji shi. "Ka ga bakin namiji nan. Ni ban taɓa ɗaga ƙafa don kaina na je wurin likitan haƙori ba."

Rikizo sai ya yi dariya yana rufe wawulonsa da tafin hannu. Kinue takan ɗan karkatar da kai tana sauraron taunar mijinta, kamar mai sauraron ruwan sama a kan rufi.

Maganar da Yasuji yake yi, shi a ganinsa gaskiya ce. Sau biyu a shekara Kinue takan ce, "Baban yara, raka ni gari ranar Alhamis, zan ga likitan haƙori." Sai ya yi gunaguni, ya tada ƙaramar motarsa ya kai ta. Idan sun isa, ta leƙa ciki ta fito ta ce ai tunda ya zo, a ɗan duba nasa. Ya hau kujera yana cewa don ita ya hau. Haka suka yi shekara talatin.

A wani sanyi, bayan ta cika gangar, Kinue ta kwanta ciwo. Kafin a buɗe gangar ta rasu.

Gidan ya yi shiru. 'Yarsu ta zo daga birnin Sendai ta yi mako biyu ta koma aikinta. Kowace safiya Yasuji yakan ajiye shinkafa da shayi a gaban hoton Kinue, ya kunna turaren tsinke, ya zauna yana kallon hayaƙin yana lanƙwasa har ya ɓace. Wani lokaci sai ya ga kamar hayaƙin kyafar daikon ne, ita kuma tana tsaye a bayansa tana goge ido da bayan hannu.

Da ƙanƙara ta narke, wani kati ya zo ta gidan waya. Ya juya shi. Rubutun Kinue ne.

Kun san yadda ake yi a asibitin haƙorin garinmu. Idan an gama da kai, sai a miƙo maka kati ka rubuta adireshinka da hannunka, bayan wata shida su turo maka shi don tunatarwa. Kinue ce take rubuta nasa, ita ce kuma take kwaso wasiƙu, shi ya sa bai taɓa ganin katin ba. A kusurwa ta ƙara layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe: "Baban yara, Alhamis."

Ya jingine katin a gaban hotonta. Bai je ba. Wa zai raka?

Shekara ta zagayo. Gakko ɗin gangar yana cinsa da lissafin kewa, yanka biyu a rana, har saura guda ɗaya. A wannan sanyin ne matauninsa na dama ya fara magana. Da farko ruwan sanyi kawai yake ƙi. Daga baya ya ƙi shinkafa mai zafi. Yasuji ya koma tauna da hagu, ya gaya wa kansa iska ce ta shige shi.

Dumi ya fara dawowa, gangar ta fara ɗan tsami. Ya san idan bai ci na ƙarshen nan ba, zai lalace, kuma babu hannun da zai sake yin irinsa. Ya ciro shi, ya wanke dusar, ya yanka yanki mai kauri yadda Kinue take yanka masa. Ya gatsa.

Zafin ya tafi har cikin idonsa. Ya furzar da yankin a tafin hannu, ya zauna yana kallonsa.

Da yamma Rikizo ya shigo, ya tarar da shi ya yanka gakko siriri kamar takarda, yana tsomawa a shayi. Yasuji ya yi sauri ya rufe kofin da hannu. Ya jira baƙar magana, don ya san ya ci bashinta shekara da shekaru.

Rikizo ya zauna a hankali. Ya ce tun farkon sanyi ya lura, domin ya daina jin garas-garas ta shinge. Ya ce da wannan ƙarar yake gane ƙarfe uku ta yi. Sannan ya tashi don ya kunna wa Kinue turare, idonsa ya faɗa kan katin. Ya daɗe yana karanta layin nan ɗaya.

"Ni tuzuru, kai gwauro, yanzu dai layinmu ɗaya," in ji shi, yana murmushi. "Amma Yasuji, ni a duniyar nan babu wanda ya taɓa gaya mini ranar da zan je ko'ina. Haƙorin farko da ya yi mini ciwo, na ce sai an gama girbi. Na biyu, na ce sai ƙanƙara ta narke. Ba wanda ya ce mini ƙarya nake. Kai kuma ga shi an rubuto maka rana daga inda ba a rubuto wasiƙa, ka jingine ta kana mata turare."

Yasuji ya miƙa hannu ya ɗauko katin.

Kinue ba ta taɓa sa gakko a firji ba, takan ce yana kashe masa ƙamshin hayaƙi. Don haka Yasuji ya naɗe ragowar, ya binne shi a tulin ƙanƙarar da ta rage a inuwar bayan gida. Ranar Alhamis ya sa katin a aljihun ƙirji ya tada mota. Hanyar duk hazo, gonakin shinkafa sun cika da ruwa, duwatsu suna kwance a cikinsu a kife. Sau biyu ya juya zai yi magana da kujerar gefe.

Matar da ke teburin karɓar mutane, Sachiyo, ta gane shi nan take. Ta yi masa ta'aziyya, ta karɓi katin da hannu biyu. Shi kuwa don kada a ce ya yi laushi, sai ya ce ai da ma shi rakiya kawai yake yi, ranakun duk na matarsa ne.

Sachiyo ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ranakun Alhamis naka ne kai kaɗai," ta ce. "Mama nata ranar Litinin take zuwa, a bas. Idan kun zo tare, shiga take yi ɗakin baya mu sha shayi har a gama da kai. Wani lokaci ma kafin wata shida ta buga waya ta ce a matso da ranar, wai ƙarar taunarka ta canza."

Aka kwantar da shi a kujera, fitila a fuskarsa. Ya rufe ido. Cikin ƙugin injin sai ya ji kamar ana ajiye kofi a ɗakin baya, ana dariya ƙasa-ƙasa. Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Likita ya tambaya ko da zafi, ya girgiza kai.

Likitan ya ce haƙorin zai tsira, amma da ya ƙara wata guda, sai cirewa. Ya ba shi Alhamis uku a jere, kuma kada ya tauna abu mai tauri sai an gama.

Kullum da safe Yasuji yakan zagaya bayan gida ya duba tulin ƙanƙarar. Makon farko ya kai masa gwiwa. Na biyu ya dawo idon sawu. Ya riƙa tattaro ta da shebur daga gindin itatuwa yana ƙarawa, ya rufe da tabarmar kara. Ranar Alhamis ta uku da ya dawo, abin da ya rage bai fi faifai ba, ƙullin yana leƙowa daga tsakiya, da sanyinsa.

Ya yanka uku. Ɗaya ya ajiye gaban hoton. Ɗaya ya yanka sirara ya tura wa Rikizo. Nasa mai kauri ya sa a dama, ya gatsa.

Garas.

Suka ci har farantin ya ƙare. Sannan Yasuji ya share baki, ya kalli taga kamar abin bai dame shi ba.

"Rikizo, raka ni gari ranar Alhamis. Idona ba ya son hazon nan."

Rikizo ya yi gunaguni, amma ya je. Da suka isa, Yasuji ya leƙa ciki ya fito ya ce ai tunda ya zo, a ɗan duba haƙoran nan tara. Bayan an gama, Sachiyo ta miƙo kati. Yasuji ya riga shi karɓa, ya rubuta adireshin bayan shinge da hannunsa, ya ƙara a kusurwa: "Tuzuru, Alhamis."

Ni dai tun da na ji labarin nan hankalina yake kan ɗana da ke zaune shi kaɗai a birni. Jiya na buga masa waya na ce ya ci wani abu in ji. Ya ce Mama lafiya kuwa?

Darasi: Lafiyar da kake taƙama da ita, wataƙila wani ne yake riƙe maka ita a ɓoye, don haka kada ka yi wa wanda ba shi da kowa dariya. Idan kana da mai sauraron taunarka, ka gode masa tun yana jin ka. Idan kuma ka san wani da ke zaune shi kaɗai, ka zama mai gaya masa rana. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san shekara ta wuce bai buɗe baki gaban likita ba.