Bindigar da Ta Daina Tashi

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya can, wani bawan Allah da ake kira Malam Jatau. Ku saurara da kyau, ku na baya a rage hira. Sana'arsa gyaran bindigogin iska. Kada gabanku ya faɗi, ba na yaƙi ba ne. Ƙananan nan ne na hannu, tsofaffin yayi, da ake sa wa 'yar tukunyar gas kamar babban yatsa, a harbi gwangwani da ƙwayar dalma. An daina ƙera irinsu tuntuni, shi ya sa masu sha'awa ke tara su suna ji da su.

Shi ma Malam Jatau yana tarawa. Ba mai hali ba ne, wadda aka yar yake tsintowa, ya yi ta lallaɓa ta har ta tashi. A ciki akwai wata mai ƙotar katako da ya sha wuyar samu, duk ya fi ƙaunarta. Kuma yana da suna a garin: ana cewa abu bai taɓa lalacewa a hannun Jatau ba.

To, masu tara bindigogin nan suna da al'ada. In sun haɗu, tambayar farko ita ce, "Ƙarfen cikinta duk na asali ne?" Mai ita sai ya rantse. Roba ba a kula ta, kowa ya san roba mutuwa take yi. Amma in aka canza ƙarfe, daraja ta ragu.

Wata rana Alhaji Mamuda, babba a cikin masu tarawa, ya kawo tasa, irin mai ƙotar katakon nan ta Malam Jatau sak. Ya ce, "Malam, iska take zubarwa, roba ce ta bushe. A bi ta a hankali, gadon mahaifina ce."

Malam Jatau ya canza roba, ya zo ɗaure bawul, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe gas. Tsohuwar tagulla ce, ba ta son ƙarfi, ya kuwa san haka sarai. Amma hannu ya saba da yabo, sai ya ƙara murɗawa sau ɗaya. Ƙas! Bawul ya tsage.

Inna lillahi! Ga shi ba a sayar da irinsa ko'ina. Shaiɗan kuwa ba ya nisa, nan take ya raɗa masa, "Ka ce tsufa ne, wa zai musa?" Bawan Allah ya yi a'uzubillahi. Ya sauko da tasa daga bango, ya daɗe yana shafa ta, sannan ya kwance ta, ya cire bawul ɗinta ya sa wa ta Alhaji. Ta Alhaji ta tashi ras, tasa ta mutu.

Na ga wasunku na gyaɗa kai, wai an gama. Ina! Yanzu aka fara. Shaiɗan ya dawo, wannan karon da rawani da carbi. Ya ce, "Ai ka biya, har da abin da ka fi so. Yi shiru mana. Wa ya cutu? Sunanka fa?"

Da Alhaji ya zo ya gwada, ya yi ta sa albarka. Malam Jatau ya ce, "Alhaji, dakata. Ni na fasa bawul ɗinka da hannuna. Wanda ke ciki na tawa ne."

Ran Alhaji ya ɓaci matuƙa. Ya ce, "Ka ɓata mini gadon uba! Da ma ka yi shiru, ai da ban sani ba!"

Ya ce, "Alhaji, da na yi shiru, duk rantsuwar da za ka yi a kanta ƙarya ce, kuma ni na sa ka."

Alhaji ya fice a fusace, ya baza labari. Masu kawo gyara suka ja baya, sunan nan ya faɗi. Kada ku zaci bai ji zafi ba. Ya ji, wallahi ya ji, amma ya daure.

Kwanci tashi, masu tarawa suka haɗu, wani baƙo ya ɗaga bindigar Alhaji ya ce, "Duk na asali ne?" Baki ya saba, har Alhaji ya ce "Wallahi," sai ya tsaya cak. Ya ce, "Wallahi an canza mata bawul." Daga nan bai zarce ko'ina ba sai shagon Malam Jatau.

Ya ce, "Malam, yau sunan Allah ya fito daga bakina, kai ka sa gaskiya ta biyo shi. Ka yafe mini. Cire bawul ɗinka, taka ta tashi."

Malam Jatau ya dubi matacciyar bindigar a bango, ya ce, "Bar ta haka, Alhaji. Duk lokacin da hannuna ya so ƙara murɗawa, ita nake kallo."

Jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan: gyara ɓarna rabin amana ne, faɗa wa mai abu shi ne cikonta. Kai tela da ka yanka yadin mutum ba daidai ba ka ɓoye a ƙarƙashin aiki, kai bakanike da ka sa wani ƙarfe ka rufe bonet ka yi gum, ku sani mai abin zai je ya faɗi abin da ba haka ba, a kan shirunku. Sunan da kuke tattali, ranar da za a kwance cikin kowa ba zai rufe kome ba. Gara ya faɗi a nan. Allah Ya ba mu ikon cewa "ni na fasa."