Wa Ya Koya Wa Soja Cizo?

Akwai wasu ƙawaye biyu, tela da mai kitso, katanga ce kawai ta raba shagunansu. Tun suna 'yan mata suke tare, ko haihuwa kusan lokaci ɗaya suka yi. Ɗan telar ana ce masa Soja saboda ƙiriniya. 'Yar mai kitson kuwa Kumatu, kun dai san dalili.

Tabarma ɗaya ake shimfiɗa wa yaran a bakin shago. Sai Soja ya tsiri cizo. Na farko a hannun Kumatu, Maman Kumatu ta gani ta yi shiru. Na biyu a kafaɗa, ya haɗa mata da turewa. Ta sake haɗiyewa, wai kada a ɓata a kan yara. Ni dai ban kira wannan haƙuri ba, tarawa take yi. Gaisuwarta ma ta fara gajarta.

Rannan tana tsakiyar kitso ta ji ihu. Ta fito da gudu, ta tarar da shaidar haƙora a kumatun 'yarta, har da jini. Ta sungume ta, ta faɗa shagon ƙawarta ko sallama babu.

"Maman Soja, dubi nan! Ɗa kika haifa ko kare?"

Keken ɗinki ya tsaya cak. Masu kawo ɗinki suka zuba ido.

"Ɗan nawa ne kare?"

"Wannan ne na uku, wallahi na gaji!"

"Na uku? Kika rufe ni, sai yau a gaban mutane?"

Kunya da takaici suka rufe Maman Soja. Ta fizgo yaron, ta cire takalmi. "Yau sai na ga inda ka koyo wannan mugun hali."

Soja ya zille. Bai nufi ƙofa ba, wajen Maman Kumatu ya ruga, ya rungume ƙafarta yana kuka. Ya miƙa mata ɗan hannunsa sama yana cewa, "Am! Am!"

Nan take Maman Kumatu ta gane. Ita ce kullum da safe take ɗaga shi, ta kai hannunsa bakinta ta ce, "Am! Na cinye ka!" ya yi ta ƙyalƙyala dariya. A wajensa, haka ake yi wa wanda ake so. Bai dai san ana sassauta haƙora ba.

Ta durƙusa, idonta ya cika da ƙwalla. "Ajiye takalmin, ƙawata. Ga malamar tasa a gabanki. Ki yafe min abin da bakina ya faɗa."

Tare suka wanke ciwon, suka kai yarinyar aka duba. Wasan am ya mutu daga ranar. In Soja ya buɗe baki, wadda ke kusa ta janye shi ta ce, "A'a, cizo da zafi," ba duka, ba ihu.

Tabon Kumatu bai daɗe ba ya ɓace. Kalmar nan ta kare ce Maman Soja ta jima tana jinta a zuciya.

Darasi: Yaro abin da ya gani yake yi, ku duba wasanninku kafin ku ɗaga takalmi. In ɗan ƙawarku ya ciji naku, ku faɗa tun a na farko, cikin sanyi, ku biyu. Ku tura wa iyayen da 'ya'yansu ke wasa da naku.