Maginin Da Ya Zaɓi Masu Cewa "To"

Akwai wani shugaban magina a wani kamfanin kwangilar gine-gine, ana ce masa Gagarau. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba ya musawa. In ya ja layin bulo sai mai wucewa ya tsaya kallo. Abu ɗaya ne ba ya so a duniya, a ce masa "amma".

Sai Allah Ya haɗa shi da ƙanin matarsa, birkila a ƙungiyarsa, wanda bakinsa ba ya rabo da wannan kalma. "Amma Oga, kusurwar nan ta ɗan karkace." "Amma Oga, yashin nan ya yi yawa." Har leburori suka laƙaba masa Amma-Oga, sunan ya bi shi.

Kamfanin ya yi ta bunƙasa. Wata safiya mai kamfani ya tara shugabannin ƙungiyoyi a ofishinsa na kwantena, fanka na kaɗa zanen ginin da aka manna a bango. Su uku ne manya: Gagarau na magina, Baba Kafinta na masu katako, sai shugaban masu ɗaurin rodi.

Mai kamfani ya ce, "Aiki ya yi mana yawa. Mun samu ginin asibiti, ga katangar wata makaranta, ga gyaran shaguna. Kowannenku zai saki rabin mutanensa, a haɗa sabbin ƙungiyoyi da su. Ku za ku zaɓi wanda za ku saki, ban sa muku baki ba. Ku kanku kuna ginin asibiti. Ranar da ginin ya kai linta, wato saman ƙofofi, a cikinku zan ɗauki babban foman, kowa ya koma ƙarƙashinsa."

Da suka fito suka zauna a rumfar kwano inda ake ajiye siminti. Mai rodi ne ya fara.

"Wannan ci gaba ne ko rabon gado? Muna raye ana raba mana yara."

Baba Kafinta ya kakkaɓe ɗiɗɗigar katako daga hularsa ya ce, "Ni manyan hannuwana zan bayar. Sabuwar ƙungiya jaririya ce. In ka tura mata ragwaye ta mutu, kuma sunan da zai ɓaci na kamfanin nan ne da muke ci a ciki."

"Kai Baba, kana son lada ko a inda ba a raba shi," in ji mai rodi. "Ni dai zan raba tsakiya, mai kyau ɗaya, lalatacce ɗaya. Gagarau, kai fa? Ka yi shiru kamar an ba ka ajiya."

Gagarau ya yi murmushi kawai. Shi a ransa ba rabo ya gani ba, shara ya gani. Kujerar babban foman yake so, kuma ya daɗe yana ganin masu yi masa gardama a gaban jama'a su ke rage masa kwarjini.

Washegari ya tsaya a kan tulin bulo ya riƙa nuna mutane da yatsa. Amma-Oga ne na farko. Sai wani dattijo mai sake auna duk abin da aka auna. Sai wani mai yawan cewa a nuna masa zane kafin ya ɗora bulo. Duk wanda ya taɓa ɗaga masa murya ya tafi katangar makaranta. Waɗanda suka rage su ne masu cewa "To, Oga" tun bai rufe baki ba.

Da yamma matarsa ta tare shi a tsakar gida tana ninke kayan yara.

"Baban yara, ashe ƙanina ka fara kora?"

"Wa ya kore shi? Ƙarin girma ya samu. Can zai yi ta amma ɗinsa da katanga, ita ba ta gajiya."

Ta ce, "Ni ma a gidanmu haka ya ishe mu. Sai dai ban taɓa ganin ya yi magana a banza ba."

"Ke ma kin fara ke nan," ya ce, ya shige ɗaki.

Aka fara ginin asibiti. Wurin Gagarau ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar cokalin gini da ƙugin baro. In ya ce a ƙara ruwa, a ƙara. In ya ce a rage, a rage. Bango ya riƙa tashi da sauri, har mai rodi yana yi masa tsiya wai ya bar musu kujerar su ɗana ko na yini ɗaya.

To Gagarau yana da wata sanda ta katako da ya yanka tun yana saurayi, daidai faɗin ƙofar ɗaki. Da ita ya fitar da ƙofofin gidaje ba adadi, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ba ya ɓata lokaci da tef a kowace ƙofa, sai ya shimfiɗa sandar, ya ce a tashi daga nan zuwa nan.

Ranar da za a fitar da ƙofofin ɗakunan kwanciya, injiniyan kamfani ya zo ya tsaya a gaban magina ya ce ƙofofin nan ba irin na gida ba ne, masu faɗi ne, domin gadon marar lafiya mai taya zai riƙa shiga da fita. Gagarau a lokacin yana can yana faɗa da direban tifa a kan inda ya juye yashi. Ya ɗago hannu daga nesa.

"Na ji, na ji! Tun kana goye nake gina ƙofa."

Injiniya ya shiga mota ya tafi wajen shaguna, domin yanzu shi kaɗai ke zagaya wuri uku. Gagarau ya dawo ya shimfiɗa sandarsa. Magina suka kalli juna. Ɗaya ya buɗe baki, na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

"To, Oga," suka ce, suka ɗora bulo.

Haka aka bi doguwar barandar ɗakunan ƙofa bayan ƙofa. Aka ɗaura rodi, aka zuba linta, siminti ya kama ya yi tauri.

Ranar alkawari Gagarau ya zo da sabuwar riga. Mai kamfani ya iso, injiniya na bayansa. Sai ga motar Baba Kafinta ɗauke da firam ɗin ƙofofi da mutanensa suka haɗa daidai yadda zane ya ce. Da yake manyan hannuwansa sun tafi, shi da kansa ya tsaya a kan waɗanda suka rage yana koya musu, har ya rame.

Aka sauke firam na farko aka kai bakin ƙofa. Ya ƙi shiga. Aka juya shi, aka karkata shi, ya ƙi. Baba Kafinta ya sa aka kai shi ƙofa ta gaba. Nan ma haka. Ya matso kusa da Gagarau ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan'uwa, da me ka auna?"

Gagarau ya ce da ƙarfi, "Katakonka ne ya yi faɗi, Baba. Tsufa ya fara taɓa maka ido."

Injiniya ya zaro tef ya auna firam, ya auna ƙofa, ya miƙa wa mai kamfani ya gani da idonsa. Duk ƙofofin barandar sai an fasa gefensu, lintocin kuma sai an sauke an sake zuba masu tsawo.

Gagarau ya juya kan mutanensa.

"Kuna nan injiniya ya yi magana?"

"Muna nan, Oga."

"Kun ga sandar ta gaza?"

"Mun gani, Oga."

"To don uban wa kuka yi shiru?"

Can wani magidanci a cikinsu, wanda bai taɓa cewa komai ba tun da aka ɗauke shi aiki, ya goge hannunsa a wando ya ce, "Oga, masu faɗa maka ai mun ga inda ka kai su. Mu kuma muna da iyali."

Mai kamfani bai yi faɗa ba. Ya dubi Baba Kafinta ya ce daga yau shi ne babban foman, ya tsara yadda za a gyara barandar. Sannan ya shiga motarsa.

Baba Kafinta ya tura aka ɗauko manyan guduma daga sito. Ya raba wa magina, ta ƙarshe ya miƙa wa Gagarau.

"Cire sabuwar rigar nan," ya ce, "ƙura za ta ɓata maka ita."

Darasi: In aka ba ka zaɓi, kada ka yi arha da mai yi maka gardama. Mai cewa "to" a kowace magana cikinsa yake karewa, kuma zai tsaya yana kallo har ka faɗa rami. Aiki in ya girma, idon shugaba ɗaya ba ya isa, sai da bakin waɗanda ba sa tsoron gaya masa gaskiya. Ku tura wa duk wanda aka ba riƙon mutane, ko a wurin aiki ko a gida, ya karanta tun bangonsa bai bushe ba.