Ranar da Kurege Ya Faɗa Cikin Kan Hankaka

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na wurinki.

To ku matso, a ƙara kara a wutar nan.

Wata shekara aka yi bazara mai tsawo, abinci ya ƙare a daji. Kowa ya rame, ban da Hankaka da 'ya'yanta. Ita tun da kaka take ɓoye abinci. Gyaɗa a nan, gero a can, fara a ƙarƙashin ɓawon itace. Kullum da safe sai ta tashi fir, ta sauka tsaf a kan wurin, ta tono, ta kai gida. Ba ta taɓa kuskure ba.

Kurege kuwa ya ɓoye nasa, amma ya manta wurin. Ya tona nan, babu. Ya tona can, babu. Sai ya ce a ransa, "Asirin matar nan a kanta yake. Sai na gani."

Ya rataya zabira irin ta wanzamai, ya nufi gidanta.

"Salamu alaikum, Gwaggo. Kai! Me ya sami kanki ya kumbura haka?"

Hankaka ta ce, "Haka yake yi duk shekarar da na yi ajiya da yawa. Har nauyi yake mini."

"Mataccen jini ne, Gwaggo. Bari in kafa miki ƙaho, kyauta."

Ta sunkuya. Maimakon ƙeya, sai ya kafa ƙahon a kunnenta, ya kanne ido ɗaya yana leƙe. Ya leƙa, ya ƙara tura kai, ya ƙara tura kai. Sai santsi ya kwashe shi, zuruf! Ya faɗa ciki.

Da ya miƙe, sai ya ga abin mamaki.

Daji ne gaba ɗaya a cikin kan tsuntsuwa. Ga kukar bakin rafi. Ga suri mai baki biyu. Ga dutsen da ya tsage, ga tsamiyar da aradu ta faɗa wa, ga gabas, ga yamma. Har ramin Kuregen kansa yana nan. Komai ƙanƙane, amma komai a mazauninsa. Kuma duk inda ta taɓa binne abinci, akwai ɗan garwashi yana haske. Sun fi taurari yawa. Garwashin fara ja ne wur, wai a yi maza a ci kafin ta lalace. Na gyaɗa yana ci a hankali, don ita tana jira. Inda aka riga aka cinye, toka ce kawai.

Hankaka ta ga wanzami ya ɓace, ta ɗauka guduwa ya yi, ta tashi neman abinci. Tana giftawa ta kan kukar waje, sai kukar ciki ta haskaka. Tana giftawa ta kan suri, sai surin ciki ya amsa. Kurege ya durƙusa.

"Allah mai iko! Kan da bai kai goriba ba, ya haɗiye daji!"

Ya daɗe a durƙushe. Sai cikinsa ya yi ƙugi. Shi ke nan.

Ya ɗauki garwashi ɗaya, ya cusa a kumatu. Ya ɗauki wani, ya cusa. Ya ɗauka, ya cusa, ya ɗauka, ya cusa. Wai in ya fita da su, su nuna masa ajiyar.

Duk wanda ya ɗauke, sai Hankaka ta manta wurin. Ta sauka gindin kuka, ta tsaya tana kalle-kalle. Ta je suri, ba ta san abin da ya kawo ta ba. Ta koma sheƙa baki wayam, 'ya'ya suka buɗe baki suna kuka.

A ciki kuwa duhu ya rufe. Kuka ta ɓace, suri ya ɓace, ƙofar kunne ma ta ɓace. Ga kumatu na ƙuna. Ya so ya mayar da su, amma wa ya san mazaunin kowanne?

Sai ya kumbura murya, ya ce, "Ke Hankaka!"

"Wane ne?"

"Ni ne Hankalinki."

"Hankalina? Me ya sa kake magana kamar mai cin ɗanwake da zafi?"

"Mura nake yi. Tashi ki zaga dajin nan, ki dubi kowace bishiya da kowane dutse da kyau."

Ta tashi. Tana duban kuka, sai garwashi ɗaya ya yi tsalle daga bakinsa, ya koma gindin kukar ciki. Tana duban suri, wani ya fice. Tsamiya, wani. Dutse, wani. Kowanne ya san gidansa, ba mai shiga na wani. Daji ya dawo da haskensa, har ya fi da.

Da hasken ya dawo, sai Hankaka ta tuna komai. Har da wanzami.

"Kurege! Fito ta kunnen nan, bakina na jiranka."

"To, Gwaggo, ga ni nan tafe."

Sai ya bi ta hanyar hanci, ya kaɗa bindinsa mai gashi, ya kaɗa, ya kaɗa. Hankaka ta yi atishawa, hatsi! Ta cilla shi har tsallaken rafi. Ya faɗa yashi, ya shige rami.

Da ya huta, ya zauna zai tuno abin da ya gani. Duk taurarin nan, ɗaya tak ya tsaya masa: gyaɗar gindin suri. Ya ruga, ya tona, ya tona. Babu komai sai ɓawo. Yana ɗaga kai, ga Hankaka a kan surin tana taunawa.

Ta ce, "Hankalina, ya murar?"

Ƙurunƙus kan kurege mai ƙonannun kumatu! Ku kuma yara, in wanzami ya ce zai yi muku ƙaho kyauta, ku toshe kunnuwanku tukuna.