Kwalekwalen da Aka Rufe da Zana

Ga ta nan ga ta nanku, 'yan jikokina. Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa. Goggo Yalwa ce ta fara ba ni ita, muna sussukar gero.

Wani gari ne a bakin kogi. Tun kaka da kakanni, Kunkuru hukumar daji ta ɗora wa aikin fito. A bayansa yake goya masu tsallakawa, ɗaya bayan ɗaya. Wata shekara hukuma ta aiko da kwalekwale sabo fil. Sai aka yi masa rumfa, aka rufe shi da zana.

Ran nan aka aiko wa Bushiya cewa 'yarta da ke aure a tsallake tana naƙuda, haihuwar fari, ba nata ko ɗaya a can. Sai ta zo da hantsi, ta tarar da layi.

Ta ce, "Malam Kunkuru, a sa jirgin nan a ruwa mana."

Ya ce, "Iya, manya ba su zo sun ƙaddamar ba." Sai ya goya Kurege ya tafi.

Da azahar ya dawo, ta sake roƙo. Ya ce, "Mai sa albarka ya yi tafiya." Sai ya goya Gafiya.

Da la'asar sai ta tare masa hanya. "Kai tsoho, dube ni. 'Yata na can tana kirana. Faɗa min gaskiya."

Sai ya shige da kansa cikin ƙoƙon bayansa. Daga ciki ya ce, "Jirgi suka kawo, ba wanda ya koya min tuƙi. Da furfurata za a gan ni ina juyi a tsakiyar kogi?"

Ta ce, "Wace furfura, kai da ko gashi babu? Ni ma ban iya ba. Fito a yi mana dariya tare."

Sai suka yaye zana, kowa ya shiga. Jirgi ya yi hagu, ya yi dama, ya juyo da su inda suka taso. Aka sha dariya, har shi Kunkuru. Da kyar dai suka kai gaci. Bushiya ta iske 'yarta a durƙushe, ta riƙe mata kafaɗa, ba a jima ba aka ji kukan jariri.

Kun ji ko? Ba duk mai jan ƙafa a wurin aiki ne mugu ba, wani kunya ce ta riƙe shi. In kun ba mutum sabon abu, ku zauna ku koya masa.

Washegari Bushiya ta sauko bakin ruwa da kunu mai zafi. Sai ta tarar Kunkuru ya janye jirgin kan tudu, ya shirya bayansa don goyo. Ta tura jirgin cikin ruwa, ta shiga ta zauna.

Ta ce, "Shanye ka shigo. Har yanzu hagu kake ja."

Ƙurunƙus, a tashi a wanke ƙafa.